Yadda taken wani fim na 1947 ya zama gandun makaɗan jaz

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Wata huɗu ke nan ina koyon fiyano, kuma malamina ya ba ni wata waƙa ya ce sai na haddace ta kafin ya bar ni in zauna da sauran makaɗa. Sunanta On Green Dolphin Street. Da na shiga YouTube neman ta sai na tarar kowa ya taɓa ta: masu ƙaho, masu fiyano, mata mawaƙa, har ɗalibai a ɗakin kwanansu. Da na ɗauka ta shahararren mai ƙahon nan Miles Davis ce, sai na ga wani suna daban a wurin mai waƙar, wai kuma daga fim ta fito. Don Allah wanda ya san tarihin ya warware mini. Ta yaya kiɗan fim ya koma abin da dole kowane makaɗin jaz ya iya?

Anti Mai Sinima: Wa alaikumus salam ɗana. Fim ɗin kam na gan shi, har sau biyu. Green Dolphin Street sunansa, kamfanin MGM ya fitar da shi a 1947 daga littafin wata marubuciya 'yar Ingila, Elizabeth Goudge. Labarin ya da ƙanwa ne a wani ɗan tsibiri tsakanin Ingila da Faransa, su biyun saurayi ɗaya suke so. Shi kuwa ƙanwar ce a ransa. Rayuwa ta jefa shi New Zealand, can ya zauna zai rubuto wa mahaifinsu wasiƙar neman aure, ga shi ya sha ya bugu, sai hannunsa ya rubuta sunan yayar. Sunayen sun yi kama, Marianne da Marguerite. Ya yi wata da watanni yana jiran amarya, ranar da jirgin ruwa ya iso ya je tarya, sai ga wadda bai nema ba tana saukowa da murnarta. Wallahi wurin nan har yau yana tsaye mini a rai. Ya kasa faɗa mata, ya aure ta haka nan. Lana Turner ce yayar, Donna Reed ce ƙanwar.

Fim ɗin ya yi kasuwa, ya ci kyautar Oscar, amma saboda girgizar ƙasar da aka shirya a ciki ne, kiɗan bai samu komai ba. Kiɗa ne mai taushi, gogen Turawa da yawa suna jan sa a hankali don su sa mai kallo ƙwalla. In ba faɗa maka aka yi ba, ba za ka haɗa shi da abin da kake ji a YouTube ba.

Baba Mai Garmaho: Hajiya ta kawo haihuwar, bari in kawo renon. Wanda ya tsara kiɗan Bronisław Kaper ne, Bayahude ɗan ƙasar Polan, an haife shi a Warsaw a 1902. Yana aikin kiɗan finafinai a Jamus, da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 ya gudu Faris, daga can MGM ta ɗauko shi zuwa Amurka. Baitukan kuma Ned Washington ya sa. Waƙar ba ta yi wani tashe ba a lokacin fim ɗin, ta kwanta shekaru.

Wanda nake ba wa ladan tayar da ita Ahmad Jamal ne, mai fiyano ɗan Pittsburgh, wanda ya musulunta a 1950 ya ajiye sunan Frederick Jones. A Chicago yake kiɗa da abokan aikinsa biyu. A 1956 ya sa ta a faifansa mai suna Count 'Em 88. Halinsa ke nan, ya tono waƙar da kowa ya raina, ya kakkaɓe ta, ya rage mata kaya. Ba ya cika kunne da sauti. Zai taɓa kaɗan ya ɗaga hannu, ya bar mai bes (babban gogen nan mai kaurin murya) da mai ganga su yi ta tafiya, kai kuma kana jiran inda zai sauko. Masu sharhi na lokacin da yawa sun ɗauke shi makaɗin otal ne kawai. Miles Davis bai ɗauke shi haka ba. Da bakinsa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa irin tasirin da Jamal ya yi masa, har yakan ce wa mai fiyanonsa Red Garland ya riƙa bin salon Jamal. Ka duba waƙoƙin da Miles ya ɗauka a waɗannan shekaru, za ka ga da dama Jamal ya riga shi yi.

Sarkin Musu: Allah ya ƙara girma Baba, amma a nan ban bi ka ba. Riga wani yi daban, mayar da abu na kowa daban. Daga 1956 zuwa 1958 mutum nawa suka bi sawun Jamal a waƙar nan? Amma ka duba abin da ya biyo bayan ɗaukar da Miles ya yi mata a 1958. Wynton Kelly ya yi ta a 1959. Bill Evans ya yi tasa a shekarar. Eric Dolphy ya yi ta a 1960 a faifansa na farko da sunansa, Outward Bound. A 1961 Oscar Peterson da Milt Jackson suka yi, Nancy Wilson ta rera ta da George Shearing. Sonny Rollins ya zo a 1965. Duk wannan ambaliya bayan Miles ta zo. Ni a ganina shi ya buɗe ƙofar.

Baba Mai Garmaho: Ban musa maka ambaliyar ba, ɗana. Abin da nake cewa, mai buɗe ƙofa sai da wani ya nuna masa gidan. Mutane suna faɗin sunan Miles su tsaya, shi kuwa bawan Allah nan Jamal ya rasu a 2023 da yawa ba su san hannunsa a ciki ba. Wannan ke ci mini rai.

Malam Na Fiyano: Ku biyun kuna magana a kan wanda ya ɗauka. Ni zan yi magana a kan abin da aka ɗauka, don Hollywood ta fitar da ɗaruruwan kiɗan fim a shekarun nan, Miles da Jamal ba su waiwayi yawancinsu ba. Akwai abin da ke cikin ginin wannan.

Ɗan Auta, je ka zauna gaban fiyanonka. Waƙar awo 32 ce (kowane awo bugu huɗu ne), kashi huɗu, kowane kashi awo takwas. A takwas na farko, sa ɗan yatsan hannun hagu a kan C na ƙasa, kar ka ɗaga shi. Hannun dama ne kaɗai zai yi tafiya: haɗin C mai haske awo biyu, sai ya koma C mai duhu awo biyu, sai ya hau D, ya zamo zuwa D mai sassauci, ya dawo gida. Duk wannan ƙasa ba ta motsa ba. Za ka ji kamar mutum na tsaye wuri ɗaya gajimare na wucewa a kansa, haske ya zo, inuwa ta zo. A takwas na biyu sai a saki ƙafa, bes ya fara taku, haɗin sautuka suna canjawa kowane awo, a je C, a tsallaka E mai sassauci, a juyo. Sai takwas na farko ya dawo, sai na ƙarshe ya rufe.

To ka ga abin da mai busa ya samu. Awo takwas na sarari inda zai ja numfashi ya faɗi abin da ya ga dama, sai awo takwas na gudu inda zai nuna ya san hanya. Riƙewa da saki, riƙewa da saki. Shi ya sa ba a gajiya da zagaya ta. Yau yawancin makaɗa sukan yi kashin riƙewar da kiɗan Latin, su yi na sakin da takun jaz, don bambancin ya ƙara fitowa. Kaper ya gina wannan tun 1947, ko da yake don goge ya gina shi.

Ɗan Auta: Malam na gwada yanzun nan. Wurin da D ya zamo ƙasa alhali C na riƙe, sai da tsigar jikina ta tashi. Da can haɗe-haɗen nake bi kawai kamar lissafi.

Sarkin Musu: Malam, ai maganarka ta ƙara mini ƙarfi. Wa ya ji wannan riƙewar ya fito da ita fili? Ranar 26 ga Mayu 1958, ranar da Miles ya cika shekara 32, ya shiga situdiyon Columbia a New York da mutum biyar: John Coltrane da Cannonball Adderley a saksofon, Bill Evans a fiyano, Paul Chambers a bes, Jimmy Cobb a ganga. Evans da Cobb sababbin zuwa ne. Ku saurari farkon. Evans ya buɗe shi kaɗai, a hankali, kamar mai share wuri. Sai Chambers ya kafe a sauti ɗaya yana nanata shi. Sai Miles ya shigo da murfin ƙarfen nan a bakin ƙahonsa, muryar ta fito siririya, kamar mai raɗa a kunne. Bai yi wa karin ado ba, ya faɗe shi ne kawai ya bar gurabe. Da Coltrane ya karɓa sai iska ta canja gaba ɗaya. Kusan minti goma ake yi. Wata tara da 'yan kwanaki bayan haka mutanen nan shida suka fara ɗaukar faifan Kind of Blue, inda ake zama a kan sauti ɗaya awo goma sha shida. Ni ina jin ƙanshin wancan tun a nan.

Malam Na Fiyano: Wannan gaskiya ne, ban da ja. Ka kuma ambaci minti goma, ka san ba ƙaramin abu ba ne. Tsohon faifai mai juyi 78 minti uku da ɗan wani abu yake ɗauka a gefe ɗaya. Sai a 1948 Columbia ta fito da babban faifai mai dogon zango. Zagaye ɗaya na waƙar nan kusan minti guda ne. A tsohon faifai, kafin a faɗi kari a rufe, me ya rage wa masu busa uku? Da wuya a ji abin da ke cikinta.

Kawu Na Damagaram: Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ina da ɗan ƙari daga ɓangarenmu na masu Faransanci. Faifan da wannan ɗauka ta fara fitowa a kansa a 1959 sunansa Jazz Track. Gefe ɗaya waƙoƙin ranar 26 ga Mayu ne, ɗaya gefen kuwa kiɗan da Miles ya yi wa fim ɗin Louis Malle, Ascenseur pour l'échafaud, a Faris a Disamba 1957, yana kallon hoton a bango yana busawa nan take. Wato faifan kusan duk na sinima ne. Har Stella by Starlight da ke kusa da tamu a gefe ɗaya, ita ma daga fim ta fito, The Uninvited na 1944, fim ɗin fatalwa, kiɗan Victor Young, kuma Ned Washington ɗin nan dai shi ya sa mata baituka.

Sannan ku nemi wasan da suka yi a zauren Olympia na Faris ranar 21 ga Maris 1960. Sun yi waƙar nan a daren. Coltrane ya riga ya yi nisa a lokacin, yana murɗa sauti yana nanatawa yana haƙa, a daren ne wasu 'yan kallo suka yi ta yi masa fito don ba su gane ba. Shekara biyu kacal tsakaninsa da ɗaukar situdiyo, amma kamar ba waƙa ɗaya ba. Miles bai ajiye ta ba, har Disamba 1965 yana yin ta a gidan rawa na Plugged Nickel a Chicago da sababbin yara, Herbie Hancock da Wayne Shorter da Ron Carter da Tony Williams. Duk garin da ya je da ita, makaɗan garin sun ji.

Anti Mai Sinima: To ni tambayata, me za mu kira irin waɗannan waƙoƙi da Hausa? Bakandamiya?

Baba Mai Garmaho: A'a Hajiya. Bakandamiya ta mutum ɗaya ce, da ita ake saninsa, wani in ya yi ta aro ya yi. Wannan kuwa gandu ce. Gonar gida, kowa ya san iyakarta, kowa na shiga ya yi noma. Baƙi biyar da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya daga Japan ɗaya daga Brazil, su hau dandamali, a ambaci sunanta a faɗi sautin da za a tashi a kai, shi ke nan an fara. Abin da kowa ya busa a nasa zagayen kuma gayaunarsa ce, ba mai taɓa masa.

Ni a rediyo na fara sanin haka. Shekarun 1970, da dare, in na kamo Muryar Amurka ta Turanci a gajeren zango, shirin Willis Conover, mutumin nan mai magana a hankali kamar yana ƙirga kalmomi. Sauti na zuwa yana tafiya, ina riƙe da eriya da hannu ɗaya. Sai in ji kari ɗaya yau a ƙaho, wani makon a fiyano, in ce ai na san wannan. Ina da wani littafin makaranta da nake rubuta sunayen da ya faɗa, yadda kunnena ya ji su. A haka na gane ashe waƙa ɗaya ce take sauya riga.

Uwar Biyu: Ina ta karatu ban sa baki ba. Baba, wannan bai yi kama da abin da 'yan bandiri suka yi a Kano ba? Sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya sun mayar da su begen Manzon Allah (SAW). Mu da muka tashi muna jin su, wasu sai daga baya muka san daga fim suka fito.

Malam Na Fiyano: Yaya, ta wajen barin gida sun yi kama, waƙa ta fita daga fim ta manta da shi. Amma aikin ya bambanta. Mai bandiri kari yake riƙewa, ya zubar da kalmomin ya sa nasa. Mai jaz kuwa kari sau ɗaya yake faɗinsa a farko, sau ɗaya a ƙarshe. Abin da yake riƙewa a tsakiya shi ne harsashin da ke ƙasa, jerin haɗin sautukan nan, a kansa yake ƙirƙiro sabon kari nan take. Har akan ɗauki harsashin kaɗai a gina wata waƙa a kai. Ga misali da ya shafi mutanenmu biyu: a 1947, shekarar fim ɗin nan, Miles yana ɗan shekara 21 ya yi ɗauka ta farko da sunansa, a ciki akwai Little Willie Leaps. Harsashinta na All God's Chillun Got Rhythm ne, waƙar wani fim na 1937, kuma Kaper na cikin waɗanda suka tsara ta. Ashe tun yana yaro yake noma a gonar mutumin.

Sarkin Musu: Wannan ban sani ba, Malam, na ƙaru. To amma ga abin da ke damuna. Wa ke cin kuɗin? Coltrane ya zuba basirarsa minti biyar, a takarda kuma sunan Kaper da Washington ne.

Kawu Na Damagaram: Haka dokar take. Ladan mai waƙa na wanda ya tsara ne da kamfanin da ke riƙe da haƙƙinta, duk yawan abin da mai busa ya ƙirƙira a kai. Sai dai dokar tana da wani gefe da ya taimaki jaz. Tun 1909 a Amurka, in an taɓa fitar da waƙa a faifai, kowa na iya yin tasa ba sai ya roƙi izini ba, muddin zai biya kuɗin da aka ƙayyade. Santi biyu na dalar Amurka ne a kowane faifai, kuma bai canja ba sai 1978. Da sai Jamal ya je ya durƙusa wa kamfani kafin ya taɓa ta, wa ya san ko da ta tashi.

Sarkin Musu: Na ji, amma raina bai kwanta ba. Baƙaƙen fata ne suka raya waƙar a gidajen rawa, dare bayan dare, ladan mai waƙa kuma yana tafiya Hollywood.

Baba Mai Garmaho: Kar ya kwanta, ɗana, abin dubawa ne. Shi ya sa da yawansu suka koma rubuta nasu suna buɗe kamfanin riƙe haƙƙi. Amma kar mu ɗora wa Kaper laifi. Ɗan gudun hijira ne da ya iya aikinsa, ya gina abu mai ƙwari. Ya rayu har 1983, ya ga inda waƙarsa ta kai. Yana da wata ma, Invitation, ita ma daga fim, ita ma ta zama gandu.

Malam Na Fiyano: Saura mataki ɗaya da ba a ambata ba, shi ne ya kawo ta hannun Ɗan Auta. A tsakiyar shekarun 1970 wasu ɗalibai a makarantar kiɗa ta Berklee a Boston suka tattara ɗaruruwan waƙoƙi, suka rubuta kari da haɗin sautukan kowace da hannu, galibi shafi ɗaya ɗaya, suka kira shi The Real Book. Ba su biya kowa haƙƙi ba, a ɓoye ake sayar da shi, ana kwafa ana miƙawa, sai a 2004 kamfanin Hal Leonard ya fitar da halattacce. Tamu na ciki. Daga nan duk ɗalibin da ya buɗe littafin ya same ta, ko bai taɓa jin Jamal ba, balle Lana Turner. Ina da ƙorafi a kan haka: yara suna koyon shafin su bar faifan, sai ka ji ana buga ta daidai amma ba numfashi.

Anti Mai Sinima: Ni kuwa yau na saurari ta Miles da kunnen wadda ta san labarin. Muryar ƙahon nan da aka toshe, wallahi mutumin nan na gani tsaye a bakin teku, magana na cikinsa ya kasa fitar da ita. Ban ce abin da Miles ke nufi ke nan ba, abin da ni na ji ne.

Ɗan Auta: Na gode iyaye, Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe Malam: shafin da aka ba ni a C yake, amma in na bi faifan Miles sai in ji ba mu haɗu ba. Kuskurena ne?

Malam Na Fiyano: Ba kuskurenka ba ne. Littafin a C ya rubuta ta, Miles kuwa a E mai sassauci ya yi ta, masu ƙaho sun fi son nan. Dole ka iya duka biyun, don in ka hau dandamali za a tambaye ka a wanne. Wannan makon ajiye shafin. Saurari ta Jamal sau uku, ta Miles sau uku, bes kaɗai za ka bi da kunne, ka lura da inda yake tsayawa da inda yake fara taku. Ranar Asabar ka ɗauko mana awo goma sha shida na farko da wayarka, hannun hagu kawai, ka turo nan mu ji.